Shafi na Sittin da Uku

A harabar kotu babu mai kiransa da sunansa na yanka. Sai-na-gani ake ce masa, har alƙalai in sun shiga ɗakinsu sun tuɓe riga haka suke kiransa. Shi kuwa ko a jikinsa, don a wurinsa wannan ba zagi ba ne, shaida ce. Ka ce masa an shigar da takarda, ya ce sai ya gani. Ka ce an ɗage shari'a zuwa Litinin, sai ya gani. An ce ranar da nas ta leƙo daga ɗakin haihuwa ta yi masa albishir da 'ya mace, bakinsa ya riga hankalinsa, matarsa kuma ba ta daina yi masa gorin wannan magana ba har yarinyar ta yi aure ta bar gidan.

Shi ba irin lauyoyin nan ba ne masu kaɗa riga a gaban shaida, suna ɗaga murya har na ƙarshen benci ya gyara zama. Mutumin takarda ne. Shekara talatin da ɗaya abu biyu ya sa a gaba: rubuta roƙo da ɗaukaka ƙara. Roƙo shi ne buƙatar da ake miƙa wa alƙali a rubuce, a ba da beli, ko a ƙara lokaci, ko a kori ƙara don an kawo ta inda babu hurumi. Ɗaukaka ƙara kuwa nan ce gonarsa. A can sama ba a kiran shaida, ba mai kuka, ba mai rantse-rantse. Alƙalai uku ne zaune, da kundin shari'ar da aka yi a kotun ƙasa a gabansu. Abin da ke cikin kundi ya faru, abin da ba ya ciki bai faru ba, ko da gari guda ya gani da ido. Kuma abin da lauya bai yi suka a kansa a ƙasa ba, wato bai miƙe ya ce bai yarda ba, ba zai zo sama ya tayar da shi ba sai ya roƙi izini, ya yi rantsuwa a kan dalilin da ya hana shi buɗe baki tun farko. Da wannan ƙa'ida Sai-na-gani ya kayar da manyan lauyoyi ba adadi, yana nuna wa kotu shafin da suka yi barci.

Ba haka aka haife shi ba, in ji matarsa, wadda ta san shi tun yana da gashi a ka. A shekararsa ta biyu da fara aiki ya kai takardar ɗaukaka ƙara ofishin magatakarda ranar da wa'adi zai cika. Ya tarar da layi, wani masinja mai fara'a ya karɓa, ya ce ya tafi abinsa, an gama. Sai washegari aka buga hatimi. Saboda kwana ɗaya tak aka kori ƙarar, wani tsohon tela ya rasa shagon da ya yi shekara ashirin a ciki. Tun daga ranar Sai-na-gani ya daina yarda da mai fara'a. Wanda maciji ya sara in ya ga tsumma gudu yake, amma shi nasa ya yi yawa, har zaren allura yake tsallakewa.

In zai shigar da takarda da kansa yake zuwa. Sai ya sa an fara buga hatimin a bayan wata tsohuwar ambulan ya duba kwanan wata, sannan ya miƙa tasa takardar, ya tsaya har tawada ta bushe. In aka ba shi kundi sai ya lashi babban yatsa ya ƙirga shafuka a nan gaban mai ba shi, ko ɗari huɗu ne, na bayansa a layi suna ta tsaki. Ofishinsa ɗaki biyu ne a saman wani shagon tayoyi, kullum cikin warin roba, matakalar kuma sai mutum ya karkace kafin ya hau. Ƙananan lauyoyi tara suka zauna da shi, wanda ya fi haƙuri ya yi wata goma sha huɗu. To, wa zai iya zama da mutumin da in ka dawo daga kotu ka ba shi labari, sai ya jira ka shiga banɗaki ya buga waya ya ji ko da gaske ka je?

Yana da wata ɗabi'a da babu wanda ya sani sai matarsa. Kowace shari'a da baƙin littafinta mai kauri, kuma da abin rubutu biyu yake shiga kotu. Duk abin da aka furta a fili, daga bakinsa ko na wani, da jan biro yake rubutawa. Abin da ya hango amma ya ga faɗarsa yanzu za ta farkar da abokin karawa ya toshe ɓaraka, wannan da fensir yake rubutawa a daidai wurin, ya bar shi a aljihu sai lokacinsa ya yi. Yakan ce lauyan da ya zazzage jakarsa tun da safe ba shi da abin fitarwa da yamma. In an tashi daga kotu littafin ba ya kwana a ofis. Gida yake kai shi, cikin kabad ɗin ƙarfe a ƙuryar ɗaki, makullin kuma yana jikin na motarsa.

Shari'ar direban ta zo masa ne ta hannun yayar direban, wata doguwar mata mai koyar da 'yan firamare, mai magana a hankali kamar kullum akwai mai barci a kusa. Ƙaninta yana jan babbar motar wani kamfanin rarraba magunguna. Katan arba'in suka ɓace tsakanin sito da inda aka aike shi, aka kama shi. Babu wanda ya gan shi ya sauke komai. Abin da ke hannun lauyan gwamnati, wanda ake kira Dogo, takarda ɗaya ce da aka rubuta a ofishin 'yan sanda, wai direban ya amsa laifi. Da harshen kotu aka rubuta ta, wanda direban ba ya ji, ta bakin wani tafinta, shi kuma ya dangwala yatsa. Direban ya ce abin da ya faɗa daban, abin da aka rubuta daban. Sai-na-gani ba kasafai yake karɓar shari'a tun daga ƙasa ba, amma ya karɓi wannan, don tun karatun farko ya hango ramin: a jerin shaidun gwamnati babu tafintan. Irin wannan takarda, in wanda ya fassara bai zo ya tsaya a kanta ba, ba ta da ƙafa.

Yayar ta gaya masa abu ɗaya da ba ya cikin fayil. Mahaifiyarsu tsohuwa ce, ciwo ya kwantar da ita, direban ne mai cicciɓarta ya sa a mota ya kai ta asibiti duk wata. Yanzu ba ta da zance sai yaushe zai dawo. Sai-na-gani ya ce ta kwantar da hankalinta, sannan ya sa ta sa hannu a shafi uku ya gwada sa hannun da na katinta na aiki.

Ranar da Dogo ya miƙa takardar ta zo ta wuce, alƙali ya karɓe ta a matsayin shaida ta huɗu, aka ɗage zama wata uku saboda hutun kotu. A cikin hutun ne yanar idon da Sai-na-gani ya daɗe yana musunta ta ci ƙarfinsa, aka yi masa aiki a ido biyu, ɗaya bayan ɗaya. Likita ya ce ko bayan an cire bandeji, ƙananan rubutu sai nan gaba. Shari'u kusan arba'in suna jiransa, kuma ba zai ba wa kowa a ofis littattafansa ba. Sai matarsa, wadda ita ce ta fara yi masa bugun takardu a farkon aurensu, ta zauna gaban kwamfuta a falo tana buga masa su da manyan baƙaƙe, shi yana kwance a doguwar kujera yana sauraron ƙarar yatsunta, in ta yi shiru ya tambayi dalili. Da ta zo kan littafin direban ta fara tambayarsa wani abu game da rubutun. Ya katse ta.

"Ki buga komai yadda kika gan shi. Kada ki rage ko ɗigo, kada kuma ki ƙara ko ɗigo."

Ta ce to, ranka ya daɗe, ta ci gaba da bugunta.

Da ya samu sauƙi ya ɗauki bugaggen kwafin don ya rubuta jawabinsa na ƙarshe. A kan ranar miƙa takarda ya ga layi biyu, ɗaya ƙarƙashin ɗaya. Na farko: suka, ba a kira tafinta ba, takardar ba ta karɓuwa. Na biyu: kotu ta karɓa, shaida ta huɗu. Ya gyaɗa kai. Wato ya yi suka, alƙali ya ƙi, maganar ta shiga kundi, shi ke nan ta zama guzurin sama. Don haka a jawabin ƙarshe bai ko taɓa zancen tafinta ba, kada Dogo ya farga ya roƙi a sake buɗe shari'a ya je ya zaƙulo mutumin. Alƙali ya ɗaure direban shekara bakwai. A bakin kotu yayar ta riƙe bango. Sai-na-gani ya gaya mata, da muryar da ba a saba jin ta a bakinsa ba, cewa wannan hukunci ba zai yi wata shida a raye ba, ta je ta faɗa wa tsohuwa haka.

Bayan wata biyar kundi ya fito, shafi ɗari biyu da goma sha biyu. Magatakardan kotun ƙasa ne ya miƙa masa da hannunsa, wani gajeren dattijo da ya yi shekara talatin da huɗu a bakin aiki, saura kimanin shekara guda ya yi ritaya. Shi kaɗai ne a ginin nan bai taɓa yi wa Sai-na-gani tsaki ba, har tsohuwar ambulan yake ajiye masa a aljihun tebur don gwajin hatimi. Sai-na-gani ya ƙirga, shafuka sun cika. Ya koma ofis ya buɗe wurin da yake nema. A shafi na sittin da uku aka rubuta: lauyan wanda ake tuhuma, babu suka.

Ya karanta sau uku, ya cire tabarau ya goge ya sake karantawa. Sannan ya ɗaga shafin ya duba shi a hasken taga. Tawadarsa ta ɗan fi ta maƙwabtansa duhu. A kusurwarsa akwai huda biyu ta ƙarfen haɗa takarda, alhali na sittin da biyu huda ɗaya gare shi. Nan take ya tuna wata Laraba da ya ga Dogo yana fitowa daga ofishin magatakarda yana dariya, kofin shayi a hannunsa. Me ya kai lauyan gwamnati shan shayi a can? Biri ya yi kama da mutum. Kuma shi ai yana tuna ranar sarai: ya miƙe, rigarsa ta maƙale a hannun kujera, alƙali ya ɗaure fuska. Kullum ya sake tunawa sai hoton ya ƙara fitowa, har ya fara jin muryar kansa tana faɗar kalmomin.

Hanya mai sauƙi ta zo ta same shi tun a watan farko. Dogo ya tare shi a matakalar kotu ya ce, Barista, maganar tafintan nan tana da ƙarfi, ka roƙi izinin tayar da ita a sama a matsayin sabuwa, ni ba zan yi suka ba, mutumin nan ya je gida. Da wani lauyan ne, da ya yi godiya. Sai-na-gani ya dube shi daga sama har ƙasa, kuma kallon ya ɗauki lokaci saboda tsayin mutumin. Wato so ake ya yi rantsuwa da hannunsa cewa bai yi suka ba, ya wanke masu sauya shafi, ya shafa wa kansa baƙin fenti. Ruwa ba ya tsami banza, lauyan gwamnati kuma ba ya kyauta banza. Ya ce ya ji, ya wuce.

Yayar ma ta kawo tata shawarar, cikin ladabi. Ta ce tunda ƙaninta yana wurin ranar, me zai hana a tambaye shi abin da ya gani. Sai-na-gani ya yi mata bayani kamar yadda ita take yi wa 'yan ajinta: shekara talatin da ɗaya sun koya masa cewa wanda ake tuhuma ba ya tuna komai a kotu sai fuskar alƙali, balle wanda ba ya jin harshen da ake shari'ar da shi. Sau biyu ya je gidan yari a wannan tsakanin don a dangwala masa yatsa, kuma duk biyun shi ya yi magana, direban yana ta cewa to, Yallaɓai.

Ya rubuta roƙo shafi goma sha tara, yana neman kotun sama ta gyara kundi, ya jingina bugaggen kwafinsa, ya nemi a kawo ainihin littafin da alƙali ya rubuta da hannunsa. Masu karanta irin waɗannan takardu sun ce bai taɓa rubuta wadda ta kai ta kyau ba. Bai kira sunan kowa ba, amma ofis ɗaya ne ke haɗa kundi, kuma mutum ɗaya ne ke sa hannu a ƙarshensa. Aka ba magatakarda takardar tuhuma, aka ɗauke shi daga teburinsa aka mayar da shi ɗakin ajiyar tsofaffin fayil kafin a gama bincike. Alƙalin da ya yi shari'ar an riga an canza masa gari, littafinsa kuma an kwashe shi tare da wasu ɗaruruwa lokacin da rufin ɗakin ajiya ya yi yoyo, babu wanda ya san buhun da yake ciki. Aka ɗage zama. Aka sake ɗagewa. Kowace ɗagewa ta zama wa Sai-na-gani sabuwar hujja cewa akwai abin da ake ɓoyewa. Ya daina gaisawa da masu aikin ofishin, ya canza makullin ofishinsa, ya fara zargin mai tayoyin ƙasa da yawan tambaya.

A wata na tara da fitowar kundi, yayar ta hau matakalar nan ranar da ba ranar zuwanta ba. Kafin ya ce ta zauna ta riga ta ce ba zama za ta yi ba. Tsohuwa ta rasu shekaranjiya da hantsi, an nemi a fito da ɗanta ko na awa ɗaya ba a samu ba. Ta faɗa ne kawai don ya sani. Abin ya soki Sai-na-gani ƙwarai, ya yi ta'aziyya har zuciyarsa, don ba mugu ba ne, bai taɓa zama mugu ba. Amma tana sauka ya juya baƙin cikin ya ɗora a kan magatakarda da Dogo, ya ce a ransa alhakin tsohuwar nan yana wuyansu.

A wata na goma sha ɗaya littafin alƙali ya fito. Magatakardan ne da kansa ya tono shi, bayan ya kwance buhu sittin da wani abu, ƙura ta ba shi tarin da bai rabu da shi ba. Aka buɗe a gaban alƙalai uku. Da rubutun alƙali, a tsakiyar shafi, babu kankara babu gyara: babu suka. Sai-na-gani ya karɓa ya juya, ya kai shi kusa da ido, ya fara wata magana a kan launin tawada. Shugabar zaman, wata mai shari'a da ta san shi tun tana ƙaramar lauya, ta ajiye bironta.

"Barista, ka ga namu. Naka kuma bugagge ka kawo mana. Ranar Talata ka zo da ainihin littafinka, mu ma mu gani."

Ya ce da yardar Allah, har da ɗan murmushi, don a ganinsa ta miƙa masa wuƙa da nama.

Ranar Asabar da hantsi ya buɗe kabad ɗin ƙarfe. Matarsa tana bakin gado tana ninke wanki. Littafin direban yana nan inda ta mayar da shi shekara biyu da suka wuce, babu wanda ya taɓa shi, don babu wanda yake da makulli sai shi. Mutumin da ya duba tawadar magatakarda a hasken taga, ya ƙirga hudar takarda, ya tuhumi rubutun alƙali, bai taɓa tunanin buɗe wannan ba. Me zai duba? Nasa ne. Ya lashi yatsa ya juya shafuka har ranar miƙa takarda. Jan rubutu daga sama har ƙasa, sai layi ɗaya a tsakiya, siriri, mai launin toka. Suka, ba a kira tafinta ba, takardar ba ta karɓuwa. Da fensir.

Sannan, da yake hali zanen dutse ne, ya ɗago kai a hankali ya dubi matarsa. Ta ajiye rigar da ke hannunta.

"Kada ka soma, Baban yara. Ranar nan na buɗe baki zan ce maka injin baƙi kawai yake fitarwa, ja da fensir duk ɗaya za su zama, ko in sa maka alama. Ka ce kada in rage ɗigo, kada in ƙara ɗigo. Ban rage ba, ban ƙara ba."

Sai ainihin ranar ta dawo masa, ba wadda ya gina ba. Dogo ya miƙa takarda. Alƙali ya ɗago ya tambaya ko lauya yana da magana. Shi kuma yana zaune, fensir a hannu, ya girgiza kai, yana jin daɗi a ransa cewa Dogo ya zauna bai san ya taka rami ba. A jawabin ƙarshe, in gwamnati ta rufe shaidunta, zai fito da abin. Rigar da ta maƙale a hannun kujera gaskiya ce, amma a wata shari'ar ce, a wani ɗakin.

Jan biro yana nan a aljihun gaban rigarsa, inda yake kullum. Layi ɗaya ne. A bi ta kansa da ja, a jira ya bushe, a goge tokar da ta leƙo, aikin minti biyu. Ya zaro biron har ya cire murfin. Matarsa ba ta ɗauke ido daga kansa ba. Ya tuna tsohon telan nan, da masinja mai fara'a da ya yi shekara talatin yana tsine wa, wanda laifinsa kwana ɗaya ne. Ya mayar da murfin, ya zauna a ƙasa ya jingina da kabad ɗin, kunya ta rufe shi irin wadda bai taɓa ji ba tun da ya sa baƙar riga. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani, shi kuwa wata goma sha ɗaya ya yi a kan nasa yana nuna mutane da yatsa.

Ranar Lahadi ya rubuta roƙo mafi gajarta a rayuwarsa, shafi huɗu. Ya janye na farko, ya nemi izinin tayar da maganar tafinta. A takardar rantsuwa ya rubuta cewa kundi daidai yake, magatakarda bai taɓa komai ba, lauya ne ya yi shiru da gangan don dabara, daga baya ya ruɗi kansa, kuma bai kamata kuskuren lauya ya hau kan wanda yake karewa ba. Wannan jimla ta ƙarshe ya sha karanta ta a takardun wasu yana taɓe baki. Ya jingina hoton shafin littafinsa, mai launi, yadda ja da fensir za su fito.

Litinin da safe, kafin ya shigar, ya bi ta ɗakin ajiya. Magatakardan yana zaune a kan buhu yana ɗaure fayil da igiya. Sai-na-gani ya miƙa masa kwafi, da wata wasiƙa da ya rubuta wa shugabannin ofishin, ya fara ba da haƙuri, kalmomin suna fitowa a karkace saboda rashin sabo. Dattijon ya karanta har ƙarshe, ya yi tari, ya ce shi ya yafe, amma takardar tuhuma ta riga ta shiga fayil ɗinsa, kuma 'ya'yansa sun riga sun ji abin da aka ce ubansu ya yi. Ya miƙa masa takardunsa.

"Ni ko ba komai da yamma gida nake komawa, Barista. Ka je wurin wanda ba ya komawa."

Ɗakin ganawa na gidan yari tebur ɗaya ne da benci biyu, da gandiroba a bakin ƙofa. Direban ya shigo ya rame, ya durƙusa ya gaida shi kamar kullum. Sai-na-gani ya ce ya tashi ya zauna, yau ba dangwala yatsa ta kawo shi ba. Ya faɗa masa komai, tun daga fensir har kabad, bai rage ba. Yana jiran ihu, ko zagi, ko kuka, kuma da ya samu ɗaya daga ciki da ya ji sauƙi. Direban ya saurara yana kallon tebur.

"Ai na sani, Yallaɓai."

"Ka san me?"

"Ba ka tashi ba ranar. Ni ba na jin abin da kuke faɗa, don haka kai nake kallo tun da aka fara har aka tashi. Alƙali ya yi maka magana, ka girgiza kai, ka yi rubutu da fensir. Har murmushi ka yi."

Sai-na-gani ya tambaye shi, da ƙyar, me ya sa bai faɗa ba, sau biyu yana zuwa nan.

"Ba ka tambaye ni ba. Kuma da Yaya ta ce kana faɗa da su a kan wai ka tashi, na ɗauka wata dabarar ce. Na ce mata ta bar ka, mutumin da ba ya yarda da kowa ai ba a cutarsa. Ita ma Inna haka na aika a gaya mata, ta ƙara haƙuri kaɗan."

Ranar Talata zaman bai kai minti goma ba. Dogo ya miƙe ya ce ba shi da suka, kamar yadda ya faɗa a matakala tun watan farko, kotu ta ba da izini. Bayan wata huɗu aka soke hukuncin, don takardar nan, kamar yadda Sai-na-gani ya hango tun karatun farko, ba ta da ƙafa. Lauyoyi suka yi ta yaba hujjarsa a harabar kotu. Magatakardan bai ji yabon ba, ya riga ya yi ritaya daga ɗakin ajiya.

Da kansa ya kai umarnin saki gidan yari, ya tsaya aka buga hatimi, ya fito ya jira a jikin motarsa. Wajen azahar ƙaramar ƙofar ta buɗe, direban ya fito da kayansa a leda, yayarsa ta riƙe masa hannu. Sai-na-gani ya buɗe ƙofar baya ya ce su shiga ya kai su gida. Yayar ta yi godiya cikin muryarta mai sanyi, ta ce kada ya wahalar da kansa, sun riga sun tsayar da tasi, kuma ba gida za su fara zuwa ba, maƙabarta za su.

Ya tsaya da ƙofar motar a buɗe har tasin ta sha kwana. Kwafin umarnin yana hannunsa, shafi biyu ne, ya riga ya ƙirga.